Ƙarin gidan ƙwai da aka ce ba kansa ba ne, yana iya rikiɗewa?

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana lafiya na cikin zauren nan ku warware min wani abu. Mahaifiyata ce, shekarunta 58, al'ada ta daɗe da ɗauke mata. Mararta ta riƙa yi mata nauyi ta gefen dama, ga yawan fitsari, da aka yi hoto sai aka ga ƙari a gidan ƙwai mai faɗin santimita 13. Likita ya ce irin wanda ake kira damoyid ne, mai kitse da gashi a ciki, kuma galibinsa ba kansa ba ne. Amma a zaman nan ɗaya ya ce a yi aiki ba da jimawa ba, a cire mahaifa da gidan ƙwan duka biyu, kuma yana so likitan kansar mata ya kasance a wurin. Yayanmu ya ce maganar ta ci karo da juna: in ba kansa ba ne, me ya kawo likitan kansa? Ni ma abin ya ɗaure min kai. Ko dai ɓoye mana ake yi?

Ummu Hanan:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Mama lafiya, ya sa kaffara ne. Ni ma an taɓa cire min irinsa ina da ƙuruciya, ƙarin kawai aka ɓare aka bar min gidan ƙwan, kuma na haihu bayan nan. Ki kwantar da hankalinki 'yar uwa.

Baban Yusra:
Allah ya sawwaƙe. Ni dai ina bayan yayanku. Ga Ummu Hanan nan, ƙarin kaɗai aka cire mata, me zai sa a kwashe wa dattijuwa komai? Ku je wani likitan ya sake dubawa kafin ku sa hannu.

Likitar Mata:
Maman Sadiq, sannu da jinya. Ba a ɓoye muku komai ba, kuma maganar likitan a kan hanya take. Bari in faro daga tushe.

Damoyid, wanda a takardar asibiti za ki ga an rubuta teratoma, yana tsirowa ne daga ƙwayar halittar da ke zama ƙwai. Ita wannan ƙwayar tana da ikon fitar da kowane sashe na jikin mutum. In ta fara rarrabuwa ita kaɗai ba tare da maniyyi ba, sai ta shiga ƙera fata da gashi da kitse da guringuntsi, wani lokaci har haƙori da ƙashi, duk a cikin jaka ɗaya. Ba ciki ne da ya lalace ba, ba kuma ɗan tagwaye ne da ya maƙale ba, domin ana samunsa har a jikin yarinyar da ba ta balaga ba. Yana daga cikin ƙarin gidan ƙwai da muka fi gani a jikin mata masu shekarun haihuwa, kuma a wajen mace ɗaya cikin goma yakan fito ta ɓangare biyu.

To ga inda gizo ke saƙar. Fatar da ke cikin jakar nan fata ce ta gaske, tana raye, tana tsufa tare da mai ita. Duk ciwon da fatar waje za ta iya yi, ita ma za ta iya. Shi ya sa cikin damoyid 100, ɗaya ko biyu sukan rikiɗe su zama kansa. Wajen kashi 80 cikin ɗari na waɗanda suka rikiɗe ɗin kansar fata ce, wadda ake kira sikwamos. Ragowar kuma daga sauran naman da ke ciki suke fitowa.

Baban Yusra:
Likita, kin ma ƙarfafa min gwiwa. Ɗaya ko biyu cikin ɗari fa kika ce. Ke nan mata 98 za a yi wa babban aiki saboda mutum biyu. Ni a ganina wannan tsoratarwa ce, kuma tiyata ita ma ba wasa ba ce ga mai shekaru.

Likitar Mata:
Malam, da a ce haɗarin nan a rabe yake daidai wa daida tsakanin dukan mata, da na bi bayanka. Amma ba haka yake ba. Damoyid na lafiya an fi gano shi a shekaru ashirin da wani abu zuwa talatin da wani abu. Wanda ya rikiɗe kuwa an fi samunsa bayan shekara 45, musamman bayan ɗaukewar al'ada. A 2008 mujallar Lancet Oncology ta buga wani nazari da ya tattara rahotannin matan da aka samu da wannan kansar, aka ga yawancinsu sun haura shekara 50, kuma ƙarin nasu ya wuce santimita 10. Yanzu ka dubi Mama: shekara 58, santimita 13. Ta shiga layin nan ta ƙofa biyu. Har yanzu abin da ya fi rinjaye shi ne nata na lafiya ne, amma ba za a auna ta da ma'aunin 'yar shekara 25 ba.

Sannan ka duba abin da ake sayarwa da abin da ake saye. Ummu Hanan an bar mata gidan ƙwan ne saboda yana yi mata aiki, tana buƙatarsa don haihuwa da kuma sinadaran jikinta. Mama kuwa nata ya riga ya yi ritaya. In aka tsaya ɓare jakar daga jikinsa, ana iya fasa ta a cikin ciki ba tare da an ci wata riba ba. Gara a ɗauke shi dunƙule. Batun mahaifa da ɗaya ɓangaren, wannan abu ne da za su zauna su tattauna da likitan, su tambaye shi dalilinsa, haƙƙinsu ne. Kuma ba laifi a nemi ganin likita na biyu kamar yadda ka ce, amma kada neman ya cinye watanni.

Maman Sadiq:
Allah ya saka da alheri Likita, yanzu na fara ganin haske. Amma ba za a iya ganewa tun kafin a yi aikin ba? An ɗebi jininta an yi wani gwaji CA-125, aka ce ya ɗan hau.

Likitar Mata:
Wannan ita ce babbar wahalar ciwon. Hoto yana gane damoyid sosai, saboda kitse da gashi suna da kamanninsu a sikanin. Abin da ke wuyar gani shi ne ɗan wurin da ya lalace a jikin bangon jakar. Alamun da ke sa mu ɗaga gira su ne: tsiro mai tauri da jini ke gudana a cikinsa, bangon da ya yi kauri ko ya manne wa hanji da mafitsara, ruwa a cikin ciki, ko ƙarin da ya yi girma farat ɗaya. Na lafiya a hankali yake tafiya, a matsakaici bai kai milimita 2 a shekara ba. In ana shakka akan ƙara da hoton MRI.

Shi kuma CA-125, iyakar da aka saba ɗauka 35 ce, amma kada lambar ta hana ki barci. Yakan hau saboda jinin al'ada, da juna biyu, da ƙarin mahaifa, da ciwon hanta, da tarin fuka na ciki. Yakan kuma zauna lafiya lau alhali akwai kansa. Akwai wasu gwaje-gwajen, SCC da CEA, da sukan taimaka a irin wannan, amma babu ɗaya da ke yanke hukunci. Sau da yawa sai an fito da ƙarin an kai shi ɗakin gwaji gaskiya take bayyana. Dalilin kiran likitan kansa ke nan: in aka buɗe aka tarar da abin da ba a so, a gama aikin da ya dace a shiga ɗaya.

Likitan Gwajin Nama:
Tunda an ambaci ɗakinmu, bari in sa baki. Mutane na ɗauka in an ce damoyid ne shi ke nan, an gama. A wurinmu lokacin aikin ya fara.

In aka kawo shi muka tsaga, wani maiƙo ne ruwan ɗorawa yake fitowa, a cikin jiki ruwa-ruwa yake saboda ɗumi, yana shan iska sai ya daskare, gashi a cukurkuɗe a cikinsa. Sai mun wanke wannan tas kafin bangon ya fito. A jikin bangon akwai wani tudu da ake kira ƙullin Rokitansky, sunan wani likitan birnin Biyana na ƙasar Ostiriya ne na ƙarni na 19. Daga nan gashin ke tsirowa, nan haƙorin yake zama in akwai, kuma sau da yawa nan ne ko kusa da shi kansar take farawa. Ina bin bangon da yatsa, duk inda na ji tauri ko kauri ko gautsi, sai na yanka na duba a madubin likita. Na mace mai shekaru kuma ba na yi masa rowar yanka.

Ba damoyid kaɗai ba. Akwai wani ƙari mai majina a ciki, wanda kan yi girma har ya cika ciki ya kai santimita 30. A jikin guda ɗaya kana iya samun sashe na lafiya, kusa da shi sashen da ke tsaka-tsaki, can a lungu kuma kansa sosai, domin shi mataki-mataki yake lalacewa. Neman lungun nan kamar neman allura ne a cikin rairayi, shi ya sa ƙa'idarmu aƙalla yanka ɗaya ga kowace santimita ta faɗinsa. Har gwajin gaggawa da ake yi ana tsakiyar tiyata, wanda ake daskarar da nama a duba cikin mintuna, yakan kuskure irin wannan, don yanka ɗaya ko biyu kawai yake gani. Sakamakon ƙarshe shi ne magana.

Anti Nas:
Wallahi Likita ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Ƙanwar mahaifina an yi mata aikin irin wannan ƙarin a wani asibiti. Aka fito da shi aka nuna wa 'ya'yanta, ga gashi ga haƙori, aka ce ku gode wa Allah ba kansa ba ne. Babu wanda ya kai shi gwaji. Shekara ba ta zagayo ba ciki ya kumbura, ƙafa ta kumbura, aka koma wani wurin suka tambayi takardar gwajin farko, babu ita, naman ma an zubar. Ta rasu, Allah ya jiƙanta. Ba na cewa lallai da an gwada da ta rayu, kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma an hana ta damar da take da ita, kuma har yau abin yana ci min rai. Duk wanda za a yi wa nasa aiki, tun kafin a shiga ya tambaya: ina za a kai naman, yaushe sakamako zai fito, wa zai karanta mana shi?

Ummu Hanan:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙanta, Anti. Jikina ya yi sanyi. To ni dai yanzu ra'ayina, duk macen da aka ga ƙari a gidan ƙwanta a cire kawai, ƙarami ne ko babba. Me za a zauna jira?

'Yar Auta:
Ni fa kun tayar min da hankali. Shekaruna 24, ban yi aure ba, an ga damoyid santimita 3 a hagu, likita ta ce a bar shi a riƙa dubawa. Tun ɗazu nake karanta ku hannuna na rawa. In koma in ce a cire?

Likitar Mata:
Ƙanwata, ja numfashi. Ke da Mama ba layinku ɗaya ba ko kaɗan. A shekarunki da wannan girman, rikiɗewa abu ne mai matuƙar wuya, kuma abin da likitarki ta ce shi ne abin da ni ma zan ce.

Ummu Hanan, a nan kam ban bi ki ba. Yawancin abin da ake gani a hoton mace mai al'ada ƙullin ruwa ne da ƙwai ya bari, wata biyu ko uku ya baje da kansa. In muka ce duk a yanka, za mu yi ɓarna mai yawa. Duk ɓarewar da aka yi tana tafiya da wani abu na lafiyayyen gidan ƙwan, ajiyar ƙwai ta ragu, ga mannewar hanji da kan biyo bayan tiyata. Akwai ƙungiyar masu bincike ta IOTA, wadda cibiyarta ke Luben a ƙasar Beljiyam. A 2019 suka fitar da sakamakon bibiyar mata kusan 2,000 da hoto ya nuna ƙarinsu na lafiya ne aka bar shi ana sa ido. Cikin shekara biyu, wajen ɗaya cikin biyar ya ɓace da kansa, waɗanda aka samu da kansa kuwa ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, haka ma waɗanda nasu ya murɗe.

Amma 'Yar Auta, sa ido aiki ne, ba mantuwa ba ce. Damoyid ba ya bajewa kamar ƙullin ruwa, yana nan. Ki riƙa zuwa hoto a lokacin da aka sa miki, ki adana takardun don a riƙa gwada na bana da na bara. Kuma abin da ya fi kusa da ke ba kansa ba ce, murɗewa ce: nauyin ƙarin ya juya gidan ƙwan jini ya yanke. In kika ji ciwon mara mai tsanani ya sauko miki lokaci ɗaya a gefe guda, da amai, ko tsakar dare ne ki tafi asibiti.

Baban Yusra:
To Likita, kin ga a nan mun haɗu, ba komai ake yankawa ba. Amma ina da saura. Yanzu ana aikin huji da kyamara, mutum ya tashi da wuri. Me zai hana a yi wa Mama haka maimakon a tsaga ta?

Likitar Mata:
Ga yarinya mai ƙaramin ƙari, aikin huji shi ne zaɓi, a sa shi a 'yar jaka a zaro. Matsalar babba ita ce fashewa. Maiƙon nan in ya zube a ciki ba a wanke sosai ba yana iya ƙona rigar hanji. In kuma akwai kansa a ɓoye, to an watsa ta. A tsarin matakai na ƙungiyar likitocin mata ta duniya, FIGO, kansar da ke cikin gidan ƙwai ɗaya jakarta ba ta fashe ba mataki na 1A ce. Tana fashewa a hannun likita ta koma 1C1, kuma wannan kaɗai yana iya jawo wa mace kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, wanda da ba ta buƙata. Akwai ƙwararrun da ke fitar da babba ta huji ba tare da ya zube ba, amma in likita ya ga ba zai iya lamunce hakan ba, tsagawar ita ce tausayi.

Ɗalibar Likitanci:
Malamaina, ina bibiya ina ƙaruwa. An koya mana akwai wanda naman tayiroyid ke cikawa, shi ma yana rikiɗewa?

Likitan Gwajin Nama:
Yana yi. Situruma obari ke nan, teratoma da fiye da rabinsa naman tayiroyid ne, irin na maƙogwaro sak, har wani lokaci yakan zubo sinadarin ya sa mace bugun zuciya da rama. Shi wannan ƙarin ba kasafai ake ganinsa ba, wanda ya zama kansa a cikinsa kuma kaɗan ne daga kaɗan. In ya rikiɗe, kansar tayiroyid ce a zaune a mara, kuma da maganin tayiroyid ake bin ta. In ta bazu, sai an cire lafiyayyen tayiroyid na wuya tukuna kafin a ba da aidin mai tururin nukiliya, in ba haka ba na wuyan zai shanye maganin. Galibi tana da sauƙin hali fiye da sikwamos. Ki karanta har da kasinoyid, mai sa fuska ta yi ja da gudawa, da ƙarin Brenner da aka bayyana a 1907, wanda mafi yawansa na lafiya ne. Kuma kada ki haɗa wannan duka da teratoma marar nuna, wanda ake gani a jikin 'yan mata. Shi tun farkonsa kansa ne, ba rikiɗewa ya yi ba.

Maman Ilham:
Likita, mu masu endometiriyosis fa? An ce ina da ƙullin tsohon jini a gidan ƙwai, shekaruna 41.

Likitar Mata:
Endometiriyosis shi ne nama irin na bangon cikin mahaifa ya tsiro a wajenta. Alaƙarsa da kansa tana nan, kuma tun 1925 wani likitan Amurka, John Sampson, ya bayyana ta. Kansa iri biyu ce take tasowa daga wannan ƙullin, kuma a 2010 aka gano cewa kusan rabin ɗaya daga cikinsu, wadda ƙwayoyinta ke fitowa garau a madubin likita, suna ɗauke da lalacewar wani gadon halitta mai suna ARID1A. Amma ki riƙe ma'auni: a cikin mata gaba ɗaya, ɗaya da 'yan kai cikin ɗari ne ke samun kansar gidan ƙwai a tsawon rayuwa, masu irin ciwonki kuma wajen biyu. Ƙari ne, amma ba mai yawa ba. Abin lura shi ne ƙullin da ya ci gaba da girma bayan shekara 45 ko bayan al'ada ta ɗauke, lokacin da ya kamata ya lafa, ko wanda tsiro ya fito a cikinsa.

Wani abu da zai ba ku mamaki: kansar gidan ƙwai da ta fi yawa kuma ta fi kisa ba daga irin waɗannan ƙarin take fitowa ba. Yawancinta daga bakin bututun ƙwai take farawa. Shi ya sa yawan yin hoto ga macen da ba ta da wata alama bai zama kariya ba. An gwada a Birtaniya da mata sama da 200,000, sakamakon 2021 ya nuna tantancewar shekara-shekara ba ta rage mace-mace ba.

Ummu Hanan:
Na ji, na janye batun a cire komai. Amma maganar Anti Nas ba ta bar ni ba. A ce an yi wa yarinya ƙaramin aiki, an ɓare ƙarin, ta koma gida, sai sakamako ya fito an ga kansa. Shi ke nan ta rasa haihuwa?

Likitar Mata:
Ba lallai ba. Abu na farko, a tura ta wurin likitan kansar mata da takardar aikin da ta gwajin, domin zai so ya san ko jakar ta fashe, da ko ciwon ya huda bango. Yawanci akan koma a cire wannan gidan ƙwan da bututunsa, a duba cikin gaba ɗaya, a ɗebi samfuri daga wurare daban-daban don a tabbatar da matakin. In ya tabbata 1A ce kuma tana son haihuwa, ana iya bar mata mahaifa da ɗaya ɓangaren a riƙa bibiya, kuma yawancin masu wannan matakin suna warkewa. In ta fita daga gidan ƙwan, labari ya canza: sikwamos ɗin nan tana da saurin kama hanji da bangon mara, ba ta kuma jin kemo kamar yadda muke so, don haka ƙoƙarin shi ne a kwashe duk abin da ido ya gani sannan a bi da magani.

Likitan Gwajin Nama:
In ƙara abu ɗaya a kan wannan. In sakamako ya zo da irin waɗannan sunaye da ba a saba gani ba, iyali suna da damar neman a ba su gilasan da aka duba da ƙullin kakin da naman ke ciki, a kai wa wani likitan gwajin ya sake dubawa kafin a fara kemo ko a koma tiyata. Muna ajiye su shekaru saboda haka, kuma babu ɗayanmu da zai ji haushi don an nema.